Shin Halittun Ruwa Suna Da Hakkin Shiru?

'Yan'uwana ɗalibai, ga wata tambaya da nake so mu tauna: ko dabbar da ke cikin ruwa tana da hakkin a ƙyale kunnenta ya huta?

Abin da ya jawo maganar shi ne, a ƙasashen bakin teku akan tura ɗalibai wurin masana, su zura na'urar sauraro cikin ruwa don gano abin da rugugin jirage ke yi wa dolfin. Ita wannan dabba da kunne take gani, wato takan yi ƙara, amsa-kuwwar ta dawo ta nuna mata abinci da hanya. Sauti kuwa yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. A watan Maris na 2000, manyan dabbobin teku 17 suka faɗo gaɓar tsibiran Bahamas bayan sojojin ruwan Amurka sun kunna na'urar sauti mai ƙarfi, waɗansu suka mutu.

Wani zai ce, ina ruwan Bakabe da teku? To, ai mu ma mun san aikin ƙara. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ya kawo ziyara. Da bindiga ta tashi a Matan Fada, sai dubban masunta su auka da homa da gora, makaɗa na cikin kwalekwale, kifi ya ruɗe ya shiga hannu. Ban ga laifi a nan ba, domin Allah ya halatta mana kifi. Amma a lura, hayaniyar ta kamar awa guda ce, sauran shekara kuwa an hana kamu a wurin, Sarkin Ruwa na sa ido. Kabawa sun gane cewa wanda ya ci daga ruwa, ruwa na bin sa bashin hutu.

Abin da teku ta rasa ke nan. Jirgin dakon kaya ba shi da ranar hutu, ba shi da Sarkin Ruwan da zai tsawata masa. Mai jirgi ba farautar dolfin ya fito ba, kurumtar da ita ba ta ƙara masa ko loma. A ganina, cutar da ba yunwa ta sa ba ta fi wuyar karewa gaban Mahalicci.

Mu ma yanzu injinan ban-ruwa na ruri a fadamar shinkafa daga Argungu har Birnin Kebbi, jirage masu inji na ratsa Kwara a Yawuri inda ayu yake. Ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su saurari Gulbin Rima, amma su fara da gaida Sarkin Ruwa. Allah ya sa mu riƙe amana.