Mai Alheri a Ƙofar Makaranta: Shin Doka Tana da Ta Cewa?



Akwai maganar da ake yawan jayayya a kanta a majalisun unguwar nan, musamman a watan Satumba idan an koma makaranta, lokacin da kuɗin yunifom da takalmi da littattafai suke haɗuwa a wuyan uba ɗaya. Maganar ƙungiyoyin nan ce masu zaman kansu da ke shiga makarantun gwamnati suna tallafa wa ɗalibai. Wasu na tsofaffin ɗalibai ne, wasu na coci, wasu na masallaci, wasu kuma gidauniyar kamfani ce ko ta ɗan siyasa. Wannan ya kawo jaka da littafin rubutu, wancan ya biya kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO, wata ta raba wa 'yan mata audugar al'ada, wasu su duba idon yara su ba da tabarau, wasu su buɗe lesin na yamma kyauta. 'Ya'yanmu da ke makarantun Mokola da kewaye suna cikin masu amfana, kuma duk mai gaskiya ya san ba don irin wannan taimako ba, da yara da yawa sun koma talla ko dako a kasuwar Bodija.

To tambayar ita ce, ya dace majalisar dokokin jiha ta yi wa wannan aiki doka, ta ce ga wanda zai shiga, ga yadda zai shiga, ga abin da ba zai yi ba? Wasu dattawanmu suna cewa ina ruwan gwamnati, mutum ya ɗebo dukiyarsa zai yi alheri, sai kuma a ce ya nemo takarda? Wasu kuma, saboda abin da suka ji ko suka gani, cewa suke a rufe ƙofar gaba ɗaya, kada baƙo ya kusanci yaran mutane. Ni dai a ganina doka ta zama dole, amma irin dokar da za ta yi aikin mai gadi. Mai gadin kirki yana tambayarka daga ina, wurin wa ka zo, sannan ya buɗe maka. Bari in kawo dalilaina, mai hankali ya auna.

Da farko mu raba haƙƙi da kyauta, domin nan ne ake ruɗa talaka. Karatun yaro a makarantar gwamnati haƙƙinsa ne. A nan Badun aka fara ilimin firamare kyauta na Jihar Yamma a 1955, zamanin Obafemi Awolowo. Sannan a 2004 aka yi dokar UBE ta tarayya, wadda ta ce shekara 9 na farko, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Dokar ta lissafa abin da za a bayar ba da kuɗi ba: littattafai, kayan koyarwa, aji, kujeru, har da abincin rana. Ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin wannan, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabin kafin ta ɗauka. Har hukunci ta yanka wa uban da ya ƙi kai ɗansa, da ma'aikacin da ya karɓi kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne.

Ku da kuke kasuwa kun san wannan lissafi. Idan kana bin mutum bashin buhu goma, sai abokinsa ya zo ya ba ka goro, ka gode wa mai goro, amma buhu goma na nan daram. Haka kujerar da ƙungiya ta kawo aji take. Alheri ne daga gare ta, Allah ya saka mata, amma bashin gwamnati bai faɗi ba. Abin tsoron shi ne gwamnati ta ga masu alheri sun yi yawa, sai ta miƙe ƙafa ta ce ai an rage mata aiki. Mutanen jihar nan sun san wannan tsoro. A 2016 gwamnatin marigayi Abiola Ajimobi ta fito da shirin haɗa hannu da masu zaman kansu wajen tafiyar da wasu sakandaren gwamnati. 'Yan ƙwadago da malamai suka ce sayar da makarantu ake son yi, gwamnati ta ce ba haka ba ne, ɗalibai suka fito kan titi a watan Yuni, aka rufe makarantu na makonni. Daga baya aka kafa kwamitocin gudanarwa a sakandare, da wakilan iyaye da tsofaffin ɗalibai da na al'umma a ciki. Ranar 29 ga Mayu 2019 kuma Gwamna Seyi Makinde, a jawabinsa na karɓar mulki, ya soke naira 3,000 da ake karɓa a hannun ɗaliban sakandaren gwamnati. Darasin dai ɗaya ne: jama'a suna son a taimaka wa makaranta, amma ba sa son taimakon ya zama hanyar da gwamnati za ta zame. Saboda haka layin farko na kowace doka ya kamata ya ce abin da ƙungiya ta kawo ƙari ne, ba za a cire shi daga kason makarantar ba.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Yaro ba ya iya cewa a'a. Kai babba, idan aka yi maka tayin da bai yi maka ba, sai ka ce albarka ka wuce. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ta fito gida ba ta karya ba, takalminta ya tsinke, idan wani ya zo da abinci da sabon sandal, duk abin da ya ce ta yi za ta yi. Ya ce ta tsaya a ɗauki hoto, za ta tsaya. Ya ce ta faɗi sunan ubanta da lambar wayarsa, za ta faɗa. Ya ce ta same shi bayan an tashi, tana iya zuwa. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to yaron nan bai ma san ya ci lada ba. Duk inda ƙarfi ya taru a hannu ɗaya haka, ɗayan kuma ba shi da bakin magana, dole a samu na uku da zai tsaya a tsakani. Uba yana kasuwa, uwa tana gida, shugaban makaranta kuwa kunyar mai kyauta yake ji. Doka ce kawai za ta ba shi ƙarfin cewa, Alhaji ko Fasto, ka yi haƙuri, ƙa'ida ta hana.

Kada wani ya ɗauka ina zargin masu alheri. Mafi yawansu mutanen kirki ne, da guminsu suke yi. Amma mun ga abubuwa. Mun ga littafin rubutu da hoton ɗan takara a bangonsa, yaro ya zama allon talla bai sani ba. Mun ga an jera marayu an ba su kwali sun riƙe, an watsa a Facebook, duk unguwa ta san gidan da babu. Akwai yarinyar da mahaifinta ya kawo mini ƙara wai ta ƙi ɗaukar jakar da aka ba ta. Da aka lallashe ta sai ta ce duk wanda ya ga tambarin jakar ya san ta marasa hali ce, 'yan ajinsu suna tsokanarta. Kun ga an ba ta jaka an karɓe mata mutunci. Malamanmu sun karantar da mu cewa gori yana ɓata ladan sadaka, kuma gori ba sai da baki ba, kyamara ma tana yi.

Sai maganar addini, wadda kowa ke jin tsoronta amma ba a son faɗa a fili. Uba Musulmi yana fargabar a ba ɗansa abinci a haɗa masa da wa'azin da bai aike shi ya ji ba. Wannan fargaba gaskiya ce. Amma adalci shi ne mu auna kanmu da mudun da muke auna wasu. Idan ƙungiyar masallaci ta shiga makarantar gwamnati ta ce sai ɗan Kirista, Bayarabe ko Ibo, ya zauna ya ji nata wa'azin kafin ya karɓi littafi, ita ma ta ci amana. Makarantar gwamnati ta kowa ce, da harajin kowa aka gina ta. Mai son kira zuwa ga addininsa ga masallaci ga coci, ga manya masu hankalin kansu. A bar yaro mai jin yunwa ya ci abincinsa.

Yanzu bari in ba masu ja da ni haƙƙinsu, domin hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa, Malam, a ƙasar nan duk dokar da aka kafa shinge take zama. Wa ya fi mu sani? Duk wanda ya taɓa rako motar shanu ko ta albasa daga Arewa zuwa nan ya san yadda takarda take komawa kuɗin goro. Idan aka ce sai mai rajista da hukumar CAC zai taimaki ɗalibi, to matan unguwa da suka yi adashi suka sayi sandal ashirin fa? Su nemo lauya? Kuma mun ga hayaniyar da aka yi a 2020 kan dokar kamfanoni ta CAMA, lokacin da shugabannin addini da ƙungiyoyi suka ƙi yarda da sashen da ya ba hukuma ikon dakatar da amintattun ƙungiya. Wato mutane ba su amince wa hukuma ɗari bisa ɗari ba, kuma suna da dalili.

Amsata ita ce a yi dokar daidai girman haɗarin. Wanda zai kawo kaya ya ajiye ya tafi, ya ishe shi a rubuta a littafin makaranta: wane ne, me ya kawo, nawa ne, wa aka ba. Babu fom na kuɗi, babu zuwa sakatariyar Agodi. Amma wanda zai riƙa zama da yara, ko ya ciyar da su kullum, ko ya ba su magani, ko ya tattara sunayensu da hotunansu, wannan dole a san shi, a san tarihinsa, a san inda kuɗinsa ke fitowa, kada kuma ya keɓe da yaro ba malami a wurin. Harsashin ma yana nan. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda jihar Oyo ta mayar tata, ta sa maslahar yaro a gaban komai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye za a ɗauki bayanan yaro. Abin da ya rage shi ne a kawo waɗannan ƙa'idoji bakin ƙofar makaranta, cikin harshen da hedimasta da uba za su gane. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Mai niyya tagari ba ya gudun a rubuta sunansa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mutanen zango. Sabo ta kafu tun 1916. A cikinmu akwai wanda a nan aka haifi kakansa, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, bai san hanyar Kano ba sai a mota. Duk da haka idan tallafi ya zo, sau da yawa sai a ce kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Yaron ba shi da ita a nan, can garin kakanninsa ma ba a san shi ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. To idan babu ƙa'ida a rubuce, rabo yana komawa ga son ran mai rabo, kuma wanda ba shi da kowa a ofis shi ake mantawa. Saboda haka mu ne muka fi kowa buƙatar doka ta ce duk taimakon da ya shigo makarantar gwamnati, da buƙata za a raba shi, duk yaron da sunansa ke rajistar makarantar yana da rabo. Masu cewa a bar abin ba doka, su tuna cewa rashin doka mai ƙarfi yake yi wa daɗi.

Saura namu aikin, don kada mu zauna muna jiran majalisa. 'Yan uwa, idan an kira taron iyaye da malamai mu je. Wallahi abin kunya ne a kira taro a makarantar da 'ya'yanmu suka cika, a waiga babu Bahaushe ko ɗaya, sannan gobe mu ce an ware mu. Rufe shago na awa biyu ba zai karya kowa ba. Idan yaro ya shigo da sabuwar jaka, ki tambaye shi, Hajiya: wa ya ba ka, me ya ce ka yi, ya ɗauki hotonka? Shugabannin unguwa su nemi kujera a kwamitocin makarantu, su kuma zauna da ɗan majalisarmu na jiha su faɗa masa waɗannan abubuwa tun kafin wani ya rubuta doka ba da mu ba. Masu hali a cikinmu, dillalan shanu da 'yan canji da masu goro, su haɗa abin da Allah ya hore su riƙa ɗaukar nauyin yaran unguwa, a rubuta shiga da fita, a karanta wa jama'a. Mu fara bin ƙa'idar da muke son a ɗora wa wasu: mu ba ɗan maƙwabci Bayarabe kamar yadda za mu ba namu, kada mu ɗauki hoto, kada mu yi shela. Ɗa na kowa ne.

Yaro amana ne a hannun uba, a hannun malami, a hannun gwamna, har da hannun mai kyauta. Duk wanda aka ba amana kuwa ana tambayarsa, kuma wanda ya saba da tambayar duniya, ta gobe za ta zo masa da sauƙi.

Allah ya shirya mana zuriya, ya saka wa masu taimako da alheri, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.