Bashin Ilhama: Tunani a Kan Makaɗan Rok Mai Dogon Zango

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana koyar da adabi ya saba da wata tambaya da ɗalibai kan jefo masa, watau daga ina marubuci ko mawaƙi yake samo abin da yake faɗa. Amsar da aka fi jin daɗin bayarwa ita ce ilhama, kamar dai wani abu ne da kan faɗo wa mai fasaha daga sama yana zaune. Mu kuwa a namu ganin, in aka bi diddigin ilhama sau da yawa mutum ake tararwa a bayanta: wani ya riga ya rubuta, wani ya riga ya kaɗa, wani kuma wahalar rayuwarsa ce aka mayar waƙa. In haka ne, ashe ilhama bashi ce. Abin da ya rage a tambaya shi ne, wa ake biya, kuma da me ake biyansa?

Domin auna wannan tambaya mun zaɓi wani fage da ke nesa da mu, watau wani reshe na kiɗan rok da ya bunƙasa a Ingila daga 1969 zuwa wajen 1977. Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin rok mai neman ci gaba, mu kuwa za mu kira shi rok mai dogon zango. Mun zaɓe shi ne saboda makaɗansa sun yi aro ƙwarai da gaske, kuma labarin aron nasu a rubuce yake, wani a bayan faifai, wani a takardun kotu.

Yadda Ake Gina Kiɗan

Kafin wannan zamani, waƙar rok ba ta cika wuce minti 3 ba, domin abin da gidajen rediyo ke so ke nan. Su kuwa ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Genesis da Pink Floyd, sai suka ɗauki fuskar babban faifan garmaho, wadda kan ci minti 20 ko fiye, suka mayar da ita ma'auninsu. Waƙa ɗaya sai ta kasu babi-babi kamar littafi, a shigo da wani sautin a farko, a ajiye shi, sa'an nan a dawo da shi a ƙarshe cikin wata kama. Sukan kuma karya lissafin bugun da kunne ya saba da shi. Alal misali, a waƙar Money ta Pink Floyd bugu bakwai ake ƙirgawa a kowane zagaye maimakon huɗu. Sabbin na'urori sun taimaka musu, musamman Mellotron, wadda ke ɗauke da sautin goge da sarewa a kan zaren kaset, har mutum ɗaya ya iya kwaikwayon taron makaɗa. Waƙar Close to the Edge ta ƙungiyar Yes, wadda ta fito a 1972 kuma ta haura minti 18, guntu-guntu aka ɗauke ta, aka yi ta yanka zaren ana liƙawa har ta zama ɗaya.

Wanda ya yi niyyar cika fili mai faɗi haka dole ya nemi abin zubawa a ciki. Nan ne aro ya shigo. Wasu suka nufi kiɗan manyan mawallafan Turai, wasu suka nufi littattafai, wasu kuma suka waiwayi mutanen da ke kusa da su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da irin bashin da yake haifarwa.

Bashin Magabata

A 1970 ƙungiyar Emerson, Lake & Palmer ta fitar da faifanta na farko. Kiɗan da ya buɗe faifan, The Barbarian, an gina shi ne a kan wani kiɗan fiyano da Béla Bartók na ƙasar Hangari ya tsara a 1911, amma ba a rubuta sunan Bartók ba. Shi ya rasu tun 1945, sai dai matarsa tana raye, kuma ita ce ta nemi a gyara. Daga baya aka saka sunansa. Shekara uku bayan haka, Keith Emerson, mai kaɗa wa ƙungiyar fiyano, ya sake yin aro daga wani kiɗa na Alberto Ginastera, mutumin Ajantina. Wannan karon ya yi tattaki har Jeniba, ya kunna wa mai abin abin da suka yi, Ginastera ya saurara ya amince, sa'an nan kiɗan ya fito da sunan Toccata a 1973.

Aikin da Emerson ya yi a duka biyun iri ɗaya ne: ya ɗauki kiɗan wani ya zuba masa ganguna da wutar lantarki. Kunnen mai sauraro ba zai bambance wanda aka nemi izini da wanda ba a nema ba. Bambancin yana wajen ɗabi'a. A na farko an bar mai sauraro ya zaci abin da ba haka ba ne, a na biyu kuwa an tsaya gaban mai abu, an ba shi damar ya ce a'a.

Akwai mai cewa, to ai shi ma Bartók aro ya yi. Wannan gaskiya ne. Ya yi shekaru yana zagaya ƙauyukan Hangari da Romaniya da na'urar ɗaukar murya yana tara waƙoƙin manoma, kuma da su ya yi wa kiɗansa jini da tsoka. Bach ma ya sake tsara kaɗe-kaɗen Vivaldi. Ko a namu adabin, masu nazari sun gano cewa labaran Magana Jari Ce da dama Abubakar Imam ya samo tushensu ne daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka ba mu ga laifin aro ba, domin in aka hana shi an rufe ƙofar fasaha. Inda laifi yake shi ne ɓoyewa, musamman a wurin da suna ke jawo kuɗi. Tatsuniyar da kaka ke yi wa jikokinta da dare ba ta bukatar sunan mawallafi, tun da ba wanda zai ci riba da ita. Amma daga ranar da aka buga abu a faifai aka rubuta "na wane" aka kai kasuwa, to an yi da'awa, kuma da'awa ko dai ta zama gaskiya ko ƙarya.

Bashin Fahimta

Ambaton suna kaɗai bai isa ya sauke nauyi ba. A 1973, Jon Anderson, mawaƙin ƙungiyar Yes, yana Tokiyo ya ci karo da wani ɗan sharhi a ƙasan shafi cikin littafin tarihin rayuwar Paramahansa Yogananda, inda aka kasa littattafan addinin Hindu gida huɗu. A kan wannan ɗan sharhi aka gina Tales from Topographic Oceans, faifai biyu, waƙa huɗu, sama da minti 80. Anderson bai ɓoye komai ba, a jikin faifan ya bayyana inda ya samo tunanin. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar Ingila, amma ra'ayin masu sharhi ya rabu, kuma Rick Wakeman, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya fito fili ya ce an yi ciko da yawa, ya kuma fice a 1974.

Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan daɗin kiɗan, domin har yau yana da masoya. Abin da ya dame mu shi ne ko ya dace a ɗauki ilmin da wata al'umma ta yi ɗaruruwan shekaru tana tarawa, a san shi ta 'yan layuka kawai, sa'an nan a yi masa fassarar minti 80. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya ari abin da bai zauna ya fahimta ba, yakan ɗauki ƙyallinsa ya bar nauyinsa. Idan aka kwatanta da faifan Animals na Pink Floyd, na 1977, za a ga wani hali daban. Daga littafin George Orwell aka samo tunanin kasa mutane zuwa karnuka da aladu da tumaki, littafin da masu karatun Hausa suka sani da Gandun Dabbobi ta fassarar Bala Abdullahi Funtuwa. Orwell da mulkin Stalin yake, Roger Waters kuwa ya juya madubin ya haska masu kuɗi da masu iko na Ingilar zamaninsa. Sai wanda ya fahimci littafi ne zai iya juya shi haka. Ke nan hanya ta biyu ta biyan bashi ita ce a san abin da aka ara, a kuma ƙara masa wani abu daga aljihun kai.

Bashin Abokin Aiki

A watan Janairu na 1973, Pink Floyd suna gab da kammala The Dark Side of the Moon a ɗakin ɗaukar murya na Abbey Road a Landan. Akwai wani kiɗan fiyano na Richard Wright da suka ga yana bukatar murya. Aka kira wata mawaƙiya, Clare Torry, ba a ba ta kalma ko ɗaya ba, ba a kuma tsara mata karin da za ta bi ba. Ta tsaya ta ƙaga shi nan take, kuka da ihu da lallashi ba tare da lafazi ba. Aka biya ta fam 30 ta koma gida. Faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan 40, kuma wannan waƙa, The Great Gig in the Sky, muryarta ce ake tunawa da ita. Sai a 2004 ta kai ƙara, aka sasanta a 2005, kuma daga nan ake rubuta sunanta tare da na Wright.

Mai kare ƙungiyar zai ce ai ciniki aka yi, ta karɓi ladan aikinta bisa al'adar sana'ar a lokacin, kuma ba wanda ya san faifan zai yi irin wannan kasuwa. Mun yarda ba a yaudare ta ba. Sai dai abin da aka saya a wurinta murya ce, abin da ta bayar kuwa ya haɗa da ƙirƙira. Yarjejeniya tana iya zama daidai a ranar da aka ƙulla ta, daga baya gaskiya ta fito ta nuna an auna abu da mudun da ba nasa ba. A irin wannan hali mutumci yana neman a sake awo tun kafin alƙali ya ce a sake. Shekara 32 aka yi kafin a sake shi.

Bashin da Ba Ya Biyuwa

Akwai na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi. Syd Barrett shi ne jagoran Pink Floyd na farko, shi ya rubuta yawancin waƙoƙinsu na fari. Lafiyar hankalinsa ta taɓu, a 1968 aka rabu da shi. A 1975 abokansa suka tsara Shine On You Crazy Diamond domin tunawa da shi, waƙa mai kashi tara, kimanin minti 26, wadda ta tsiro daga sautuka huɗu kacal da David Gilmour ya kaɗa a jita. Suna cikin aikinta a watan Yuni sai ga wani mutum ya shigo, ya yi ƙiba, ya aske kai har da gira. Sun jima ba su gane shi ba. Barrett ne. Bayan haka ya koma Kambirij ya zauna nesa da idon jama'a har ya rasu a 2006.

A nan an ambaci mutum, an fahimce shi iyakar iyawa, kuma kuɗin waƙoƙinsa sun ci gaba da isa gare shi. Duk da haka zuciya ba ta natsu ba. Rushewar mutum ɗaya ta zama dukiyar waɗanda suka tsira, kuma shi ba ya cikin halin da zai ce na yarda ko ban yarda ba. Shin da shiru suka yi ya fi? Ba mu zaci haka ba, domin shiru ma wata irin mantuwa ce, kuma makoki haƙƙin mai rai ne. Abin da za mu iya cewa shi ne, wanda ya yi waƙa da ciwon wani ya sani cewa ya ɗauki abin da ba shi da hanyar mayarwa. Wannan sanin shi ne zai hana shi ƙawata ciwon fiye da kima, ya kuma hana shi tona abin da mai ciwon zai so a rufe.

Kammalawa

Mun ga cewa magabaci ana biyansa da ambaton suna, al'adar da aka ara ana biyanta da fahimta, abokin aiki kuwa da rabo na adalci, sa'an nan akwai wanda ba a iya biya sai dai a kiyaye mutuncinsa. Wannan magana ta shafi matasan da ke aiko da waƙoƙi da gajerun labarai zuwa shafuka irin waɗannan. Kusan kowace shekara mukan ci karo da labarin da ƙashin bayansa na wani fim ne, ko waƙar da aka gina a kan sirrin wata ƙawa wadda ba ta san an rubuta ta ba. Ba mu ce a daina aro ba. Muna dai roƙon marubuci, kafin ya rubuta sunansa a ƙarƙashin aiki, ya zauna ya lissafa mutanen da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa ko zai iya karanta musu shi suna zaune a gabansa, kamar yadda Emerson ya yi a Jeniba.