Wa Ya Tauye Mudun, Yaro ko Maigida?

Akwai tambayar da ke damun mu, mu da muke da yara a shago ko muka ba wani babur haya. Idan maigida ya yanka wa yaro adadin da ba ya samuwa sai da ha'inci, yaron kuma ya yi ha'incin, alhakin yana wuyan wa?

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ya shafa. Kamfanin Uber, wanda motocinsa suka fara aiki nan Legas a 2014, an kafa shi a Amurka a 2009, cikin 'yan shekaru ya bazu a manyan biranen duniya. Shugabansa na lokacin, Travis Kalanick, abu ɗaya ya sa gaba: a ƙaru, a riga kowa. Ma'aikata kuwa ba yara ba ne, sun ga abin da ake yabo a kai. A 2017 asiri ya tonu cewa suna da wata manhaja, Greyball, da ke nuna wa jami'an hukuma motocin bogi a waya, don kada a kama direbobi a garuruwan da ba a ba su izini ba. An kuma sace bayanan mutum miliyan 57 a 2016, kamfanin ya biya ɓarayin dala 100,000 ya ja bakinsa shekara guda. A watan Yunin 2017 masu hannun jari suka tilasta wa Kalanick sauka.

Buri ba laifi ba ne. A 1999 John Doerr ya kai wa Google wani tsari da ya koyo a Intel: duk wata uku a rubuta abin da ake son cimmawa, da lambar da za a auna shi. Amma babban buri, idan an samu kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, ana ɗauka an yi ƙoƙari. Ba mu ce su waliyyai ne ba, su ma suna da nasu ƙurar a kotuna. Sai dai wanda ya san ba za a kore shi don ya gaza ba, me zai sa ya yi ƙarya?

To mu fa? Mun yanka balas tun man fetur na da sauƙi, fetur ya tashi, ba mu rage ko sisi ba. Ranar ruwa balas, ranar da 'yan kamen babur suka fito ma balas. Yaro ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya ɗan danne mudu a shago, da yamma ya miƙo kuɗi cif, mu ce Allah ya yi albarka. Ba mu tambaya yaya aka yi, domin mun san amsar.

Yaron ba zai kuɓuta ba, baligi ne, hannunsa ne ya auna. Amma a ganinmu kason maigida ya fi nauyi, don shi ya san lissafi, shi ne kuma ba ya tsoron kwana da yunwa. Mukan karanta Suratul Muɗaffifina a sallar Isha'i, hankalinmu ya tafi kan mai awon shinkafa na can ƙarshen layi, alhali littafin balas ɗinmu yana cikin aljihun rigar da muke limanci da ita.