Idan Yaro Ya Ƙi Mahaifinsa: Zuga Ce Ko Tsoro?

 

Sau da yawa aure yakan mutu, gaba ta ragu. Sai ka ga yaron da ya saba rugawa ya tarbi ubansa yana ɓuya in ya ji sallamarsa, ko kuwa yarinya ta ƙi ko gaida uwar da ta goya ta. Tambayarmu ta wannan mako ita ce: da wane ma'auni za a gane ko zuga yaron aka yi, ko kuwa wani abu ya gani da idonsa?

Masana na Turai da Amurka sun daɗe suna jayayya a kan wannan. A 1985 wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Richard Gardner, ya ce zuga ɗa ya ƙi mahaifi cuta ce mai alamomi. Daga baya Amy Baker ta lissafa dabaru 17 na mai zuga, kamar zagin wancan mahaifin a gaban yaro, da hana ziyara, da sa yaro leƙen asiri, da gaya masa cewa ba a sonsa a can. A 2018 Jennifer Harman da abokan aikinta suka ce wannan hali shi kansa cin zali ne a cikin iyali. Lalle mun yarda da su a nan, domin wanda ya cire ƙaunar uwa daga zuciyar ɗanta ya yi rauni, ko da jini bai fita ba.

Amma fa akwai haɗari. Yaron da aka zuga da yaron da ya ga ana dukan uwarsa, dukansu biyu sukan ƙi zuwa wurin uba. Takardar tambayoyi tana iya auna yawan ƙiyayya, ita kaɗai ba ta iya faɗin tushenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan suna daga kundinta na cututtuka a 2020. A 2023 kuma Reem Alsalem, mai bincike ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan cin zarafin mata, ta ba da rahoton cewa masu dukan iyali sukan fake da zargin zuga a kotu, har a ƙwace 'ya'ya daga hannun uwar da ta kawo ƙara. Watau ma'aunin da aka yi don kare yaro sai ya zama sanda a hannun azzalumi.

To, shari'armu ba ta bar mu a duhu ba. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Malamanmu na Malikiyya sun ba uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta, sa'an nan suka sharɗanta amana ga duk mai riƙo. Suratul Hujurati kuma ta umurce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari.

Saboda haka tsarin awon shi ne wannan. Alƙali ko dattijon da ke sulhu ya fara da tambayar ko an yi duka, ko tsoratarwa, ko hana abinci. Ya ji ta bakin maƙwabta, ya duba shaidar asibiti, ya saurari yaron shi kaɗai, ba a gaban wanda yake tsoro ba. Idan zalunci ya tabbata, gudun yaro hankali ne, kuma uwar da ta kare shi ba ta yi laifi ba. Idan bai tabbata ba, a da kuwa akwai shaƙuwa, ga shi yaron yana maimaita kalmomin manya da suka fi ƙarfin shekarunsa, to sai a tuhumi mai riƙo da zuga, uwa ce ko uba, kaka ce ko matar uba.

Wanda ya juya wannan tsari, ya fara da zargin zuga, yana iya mai da ɗan akuya hannun kura. Wanda kuma ya ce babu zuga a duniya ya bar iyaye da yawa suna kukan 'ya'yansu alhali suna raye. Ɗa amana ne, za a tambayi uwa da uba da alƙali a kansa ranar gobe.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin. Haza wassalam.