Rigar Bana ko Rigar Baɗi?

'Yan'uwa, wata mata a Bakura ta tara kuɗin ƙuli-ƙulinta, ran Talata ta shiga mota zuwa kasuwar Talata Mafara, ta sayo atamfa yadi biyu domin ta ɗinka wa 'yarta riga. Yarinyar tana da shekara 11, rigar bara ta matse ta a hammata. Da uwar ta shimfiɗa yadin a tabarma ta ɗauki almakashi, sai uwar mijinta ta ce, "Ke, yanka babba, ta girma ta same ta. Kuɗi ba a ƙasa a ke tsintarsu ba." Ita kuwa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, in na yi haka za ta shekara biyu tana yawo kamar a cikin buhu, 'yan makaranta suna yi mata dariya."

To, wa ya fi gaskiya? Wa mu ke ɗinka wa riga, yarinyar da ke gabanmu yau, ko budurwar da za ta zama baɗi?

Kada mu yi saurin ba tsohuwa laifi. Ta san wahalar tufa. A zamaninta audugar Zamfara a ke kaɗawa da mazari, a kai wa masaƙi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta sa yadi ya yi sauƙi, amma ta rufe a 2002, ta Gusau ma ta tsaya. Yanzu yawancin atamfar kasuwa daga waje ta ke zuwa, talaka kuwa ba ya sayen turmi mai yadi 6 kowace shekara. Tattali ba rowa ba ne.

Amma uwar ma tana da hujja. Yarinya ba rabin mutum ba ce da ke jiran cika. Kunyar da za ta sha bana kunya ce ta gaske, ba kuwa za a biya ta baɗi ba.

Ga abin da uwar ta yi. Ta auna kafaɗa da ƙirji da tsawo, ta yanka da ragi, ta ɗinka daidai jikin yarinyar. Sai ta ɓoye inci 2 a cikin ɗinkin kowane gefe, ta yi kalmasa mai faɗi a ƙasa. Ido ba ya ganin wannan yadi, amma yana nan. In yarinya ta ƙaru sai a warware zare, a sake ɗinki. Bana ta sa rigarta da murna, baɗi ma rigar ba ta ƙi ta ba.

Ina ganin haka renon 'ya'ya ya ke, kuskurenmu kuwa iri biyu ne. Waɗansu su kan sa wa yarinya rigar da ta fi ƙarfinta. Tana da shekara 10 an ɗora mata talla daga safe har magariba, ga goyon ƙane, ga surfe. Kafin ƙashinta ya yi ƙwari an fara zancen miji. Likitoci sun nuna cewa haihuwa kafin ƙugu ya gama girma tana cikin abubuwan da ke kawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Wannan riga ta manya ce, nauyinta ya kan karya yarinya.

Waɗansu kuma su kan bar ta cikin rigar ƙuruciya har ta matse ta. Ba a gaya mata abin da zai faru da jikinta, ba a jin tambayarta, ba a ba ta kuɗi ta riƙe ko aiki ta shirya da kanta. Ran da rigar ta yage, sai iyaye su ce yarinya ta lalace, alhali girma ta yi ba su lura ba.

Ku lura da almakashi. Ɗinki ana warware shi, yanka ba ya komawa. Mutanen Maradun da Bakura sun san wannan. An gama madatsar ruwan Bakolori a 1978, aka yanka gonaki ba a gama sauraron masu su ba, a 1980 kuwa manoman da suka yi kuka aka buɗe musu wuta, rayuka suka salwanta. Cire yarinya daga makaranta yanka ne, aurar da ita ma yanka ne. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Wani zai ce, "Ni talaka ne, ba ni da zaɓi." Gaskiya ne talauci yana rage yadi. Amma matar nan ma yadi biyu kaɗai gare ta. Abin da ta ƙara shi ne awo, awo kuwa ba a sayensa. Uban da ba shi da kuɗin makarantar kwana yana iya barin 'yarsa ta gama ta gari. Uwar da dole ta aike ta talla tana iya cewa sai bayan an tashi daga makaranta.

Saboda haka, uwa da uba, yaushe rabonku da auna 'yarku? Awon bara ba ya yi wa bana. Ku zaunar da ita a makon nan, ku tambaye ta inda rigar ta ke matse ta, ku saurara har ta gama magana.