Haƙƙin Dabbar da Ba a Kiwonta Don Riba

Bahaushe ya daɗe da sanin kiwo, amma kiwon da ya fi sabawa da shi shi ne wanda ke ƙarewa a kasuwa ko a tukunya, domin akuya jari ce, rago yana jiran layya ko suna, ita kuwa kaza karin magana ya riga ya yanke mata hukunci cewa sabo da ita ba ya hana yanka. Duk da haka, a cikin gidajen nan akwai dabbobin da ba a sa rai da kuɗinsu ko namansu, irin su kyanwar da ke kwana a gefen murhu lokacin hunturu, da aku a cikin keji, da tattabarun sha'awa waɗanda saurayi ke tashi da sassafe ya watsa musu gero, ya tsaya yana ƙirga su suna sauka. Abin tambaya shi ne ko addini ya amince wa mutum ya tsare rai a hannunsa don jin daɗin zuciya kawai, kuma idan ya amince, da wane sharaɗi.

Hujjar da malamai suka fi dogara da ita a kan halascin wannan kiwo labari ne na wani ƙaramin yaro, Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya tarar da yaron cikin baƙin ciki, ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Buhari da Muslim sun ruwaito asalin hadisin, kuma Ibn Hajar ya ambata a Fathul Bari cewa Ibnul Ƙassi, malamin Shafi'iyya, ya ciro mas'aloli kusan 60 daga cikinsa. Abin lura shi ne ba a tsawata wa yaron don ya riƙe tsuntsu ba, ba a kuma raina hawayensa ba, wanda ke nuna cewa shaƙuwa da dabba, da jin zafin rabuwa da ita, ba wauta ba ce da ta kamata a yi wa dariya, ko da yake sau da yawa dariya ake yi wa yaron da kyanwarsa ta mutu.

Sharaɗin kuwa yana cikin wani hadisin da ya fi wannan shahara, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. Laifin matar, kamar yadda hadisin ya fayyace, fuska biyu gare shi: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta da kanta ba. Ma'anar wannan ita ce dabba tana da hanyar arzikinta da Allah ya shimfiɗa mata tun kafin ta shigo hannun ɗan Adam, domin aya ta 38 a Suratul An'am ta siffanta dabbobi da tsuntsaye da cewa al'ummomi ne kamar mutane, saboda haka duk wanda ya rufe mata ƙofa ya toshe wannan hanya, ya mai da kansa madadinta. Daga nan ne fiƙihun Malikiyya ya wajabta nafaƙa, wato ciyarwa da shayarwar da shari'a ke ɗora wa mutum, a kan mai dabba, har Muhtasar na Halilu ya nuna cewa wanda ya ƙi ciyar da dabbarsa, alhali babu makiyayar da za ta ci, sai a raba shi da ita ta hanyar sayarwa. Damuwar mai kiwo ke nan, ta wa zai ba aku ruwa idan aka yi tafiya, ko me ya sa kyanwa ta ƙi taɓa abinci tun jiya, ba ƙaramin tunani ba ne. Nauyi ne da ya hau kansa ranar da ya ce dabbar tasa ce.

Lamarin kare ya fi sarƙaƙiya. Imamu Malik yana ganin duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7 ta'abbudi ne, wato umarnin da ake bi don bauta ba don najasa ba, saɓanin ra'ayin Imamu Shafi'i. Sai dai hadisi ya taƙaita riƙe shi ga farauta da tsaron dabbobi da gona, Risala ta Ibn Abi Zaid ma ta bi wannan, ko da yake masu sharhinta sun ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare don gadi lokacin da ya ji tsoro a kan gidansa. Hana ajiye shi a ɗaki ba lasisin jifansa ba ne, tun da an gafarta wa wani mutum zunubansa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a cikin huffinsa.

Akwai masu cewa a zamanin da maƙwabci ke kwana da yunwa, ciyar da mage almubazzaranci ne. Maganar tana da ƙarfi a kan wanda ke sayen abincin gwangwani na ƙasar waje ga dabba alhali iyalinsa ko ɗan'uwansa na cikin matsi, domin haƙƙin mutum yana gaba. Amma yawancin kyanwoyin gidajen Hausa ragowar tuwo da kan kifi suke ci, suna kuma biya da ɓerayen da suke kamawa a rumbu, kuma da wuya a ga wanda ya hana kyanwa loma ya kai wa almajiri ita.

Inda aka fi sakaci shi ne a wurare biyu da ba a cika ɗaukarsu a matsayin addini ba. Na farko shi ne 'ya'yan kyanwa da ake zubawa a buhu tun idonsu bai buɗe ba a kai su juji, inda ba sa iya tsotso, ba sa iya farauta, wanda a haƙiƙa bai da bambanci da abin da matar da ta kulle kyanwa ta aikata. Na biyu shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duk wanda alamunta suka bayyana a jikinsa ba ya tashi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana sarrafa wannan allura, likitocin dabbobi kuma suna yin ta ga kare da kyanwa, saboda haka mafarauci ko mai gadin da ya bar karensa ba rigakafi ya tauye haƙƙin karen, ya kuma jefa yaran unguwa da ke wasa a ƙofar gidansa cikin haɗari.