Hanya Ta Kowa Ce: Nasiha Ga Jama'ar Briqueterie

Ya ku iyayena, malamaina, yayyena da ƙannena na wannan unguwa tamu ta Briqueterie a birnin Yawunde.

Maganar da ta kawo ni ƙarama ce a ido, amma ta fara cin zumunci. Maganar ajiye mota ce a bakin layi. Na ga maƙwabtan da suka shekara talatin suna musayar kwanon buɗa-baki, yau ba sa ga maciji saboda taku biyar na ƙasa a ƙofar gida. Wannan ya jera duwatsu da tsofaffin tayoyi, wancan ya ja sarƙa, wani kuma ya fitar da benci tun asuba don kada kowa ya tsaya. Wasu suna cewa a hana ajiye mota gaba ɗaya, wasu suna cewa, "To ina za mu kai ta?"

Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma adalci ne a faɗe ta. Mai gida yana da gaskiya idan ya ce ya gaji da fitowa sallar asuba yana raɓa jikin motar wani kafin ya sami hanya. Tela da mai shadda da atamfa suna da gaskiya idan suka ce mai saye ba zai dawo ba muddin bai sami inda zai tsaya ba. Mai tsire ma haka. Daga Bastos, daga Mvog-Ada, daga ko'ina mutane ke zuwa da dare cin naman unguwar nan, kuma da wannan ciniki ake ciyar da gidaje da yawa. Wanda ya sayi mota da guminsa, gidansu kuma ba fili, shi ma ba laifi ya yi ba.

Amma akwai abin da duk muka manta. An kafa unguwar nan tun kafin motoci su yawaita. Sunanta ma daga wurin toya tubali ne na zamanin Jamusawa, kuma kakanninmu fatake sun zauna a wannan wuri da ake kira Ekoudou lokacin da ƙafa da kai ne abin ɗaukar kaya. Da yawa daga lungunanmu an bar su ne daidai yadda mutum biyu za su gifta juna. Gidaje sun ƙaru, shaguna sun cinye baranda, motoci da babura sun yi yawa, amma hanyar ba ta ƙara ko taki ɗaya ba.

Mu yi lissafi. Faɗin ƙaramar mota ya kusa mita 2. Motar 'yan kwana-kwana tana kai mita 2 da rabi. A ce layi mita 6 ne, aka ajiye mota dama da hagu, abin da ya rage bai ishe ta wucewa ba. Ranar da wuta ta tashi, Allah Ya kiyaye, za mu buga 118, su zo, su tsaya a bakin titi suna kallon hayaƙi. Unguwar da gidaje ke manne da juna, ga gawayi da tukunyar gas, ga shaguna cike da yadi, ba ta da ƙarfin wannan ganganci.

Ni shaida ne. Wani dare naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu. An sami motar da za ta kai ta asibiti, amma wata mota ta toshe bakin lungu, mai ita ya kulle ya tafi, ba wanda ya san inda yake. Haka mata suka rirriƙe baiwar Allah nan, ana ruwa, har bakin titi. Ta sauka lafiya, alhamdu lillahi. Mai motar ba mugu ba ne. Da safe ya zo yana ba da haƙuri, idonsa cike da hawaye. Cewa ya yi a ransa, "Minti biyar ne kawai." Wannan minti biyar ɗin ita ce cutarmu.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya lissafa kame cuta daga mutane cikin haƙƙoƙin hanya. Sun kuma ruwaito daga Abu Huraira cewa idan aka yi saɓani kan hanya, a bar faɗinta kamu bakwai, wato sama da mita 3. Ku duba, kusan shi ne faɗin da motar asibiti ko ta kashe gobara ke bukata a yau. Idan kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce, me za a ce da wanda ya girke ƙarfe mai nauyin tan guda ya tafi barci? Haka nan wanda ya tare ƙofar gidansa da dutse ya sani: iyakar mallakarsa bangonsa. Abin da ke gaba na jama'a ne, na makaho da mai sanda, na ɗan makaranta, na masu ɗauke da makara.

Mu kuma tuna, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba mu manta rusau da aka yi a gefen unguwar nan a zamanin shugaban birni Gilbert Tsimi Evouna ba, kafin a buɗe babban zauren wasanni na Warda a 2009. Mun kuma san aikin jami'an birni da ake kira Awara: a maƙala wa taya ƙarfe, a janye mota, a biya tara. Hukuma idan ta zo ba ta tambayar wane ne mai jinya, wane ne baƙo. Gara mu tsara kanmu da hannunmu.

Ga abin da nake roƙo. Kowane layi ya zauna da mai unguwa da limami, a kira masu shaguna, a saurari iyayenmu mata, domin su ne suka fi wahala da goyo da kaya. A amince da gefe ɗaya na ajiye mota, ɗayan ya zauna a buɗe dare da rana. Kada a tsaya a kwana, ko bakin lungu, ko ƙofar masallaci. Duk wanda ya ajiye mota ya bar lambar wayarsa a jikin gilashi. Matacciyar motar da ta shekara a wuri ɗaya, mai ita ya ɗauke ta. Ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure, matasanmu su tsaya su nuna wa baƙi wurin tsayawa da ladabi. A nemi fili da mai gadi don kwanan motoci, kowa ya ba da nasa. Tsoho da marar lafiya a yi musu sassauci. Idan an daidaita, dattawa su kai maganar ofishin magajin garin Yawunde ta Biyu a sa mata hannu.

Alhaji, taku hamsin daga mota zuwa gida ba zai rage maka girma ba. Ɗan'uwa mai gida, ɗauke dutsen nan yau, ka yi wa maƙwabcinka sallama. Akwai ranar da za a fito da kowannenmu ta wannan layi, a kafaɗun waɗannan maƙwabta. Mu bar musu hanyar da za su wuce da mu.

Allah Ya haɗa kanmu, Ya tsare unguwarmu daga gobara da fitina, Ya zaunar da Kamaru lafiya. Amin.